Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Duwatsun Ado na Kwaikwayo, daga Kasuwar Kurmi zuwa Kura

Bahaushe yana kiran ƙwayoyin da ake shiryawa a zare a rataya a wuya ko a ɗaura a ƙugu da suna duwatsu. Haka yake kiransu ko na gilashi ne, ko na roba, ko na ƙashi. Sunan ya riƙe abin da aka fara yin su da shi, alhali yawancin abin da ke rataye a rumfunan 'yan koli a yau bai haɗa komai da dutse ba. Dalili kuwa shi ne, tun daga farko sana'ar duwatsun ado sana'a ce ta kwaikwayo, inda abu mai araha ke ɗaukar kamannin abu mai tsada, shi ma daga baya wani ya zo ya kwaikwaye shi.

Sabon shiga a wannan jeri shi ne yumɓun roba, wani abu mai laushi da ake mulmulawa da hannu, a gasa a tanderun gida, a yi masa shafe har ya fito kamar tangaran. Duk mai waya a Kura ko Bunkure tana iya kallon yadda ake yinsa a intanet. Kafin wata ta zuba jarinta a ciki, yana da kyau a dubi waɗanda suka riga shi zuwa, a ga wa ya ci riba a kowane zagaye, wa kuma ya rasa sana'arsa.

Daga dutse zuwa gilashi

Fiye da shekara 5000 da suka wuce, mutanen Masar suna niƙa farin dutse, su cuɗa shi da gishirin kanwa da ɗan tagulla, su ƙona, ya fito da shuɗin ƙyalli irin na duwatsu masu daraja da ba kowa ke iya mallaka ba. Wannan yana cikin kwaikwayo mafi tsufa da aka sani a harkar ado.

A ƙasar Hausa, shaida mafi ƙarfi ta fito daga Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a Jihar Katsina, inda aka tona kaburburan manya a 1907 da kuma 1992. Wasu daga cikinsu na wajen ƙarni na 14 ne, kuma an samu duwatsun jan dutse da na gilashi da wuri da kayan ƙarfe da suka zo daga nesa. Wato tun kafin Turawa su san hanyar Kano, dutse na gaske da gilashi suna kwance tare a jikin sarauta. A kudu ma, tonon da aka yi a Igbo Olokun da ke Ile-Ife ya nuna cewa ana narka gilashi a can tsakanin ƙarni na 11 da na 15, da kayan haɗi na yankin.

Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya lissafa kayan Turai da ya tarar a kasuwa, a ciki har da duwatsun gilashi na Benis ta ƙasar Italiya, waɗanda raƙuma ke ɗaukowa daga Tarabulus. Murjani na ainihi, wanda ake cirowa daga Bahar Rum, shi ne adon masu hali, darajarsa ta kai har ana raɗa wa 'ya'ya mata suna Murjanatu. Wadda ba ta da kuɗinsa kuwa sai ta sayi jan gilashi mai kama da shi.

Zamanin masana'antu

Babu misalin da ya fi talhatana bayyana yadda abin ya gudana. Wannan abin wuya ne mai siffar zobe da tsini kamar kan mashi, wanda Buzaye da Hausawa da Fulani suka daɗe suna so. Da farko a Khambhat ta ƙasar Indiya ake sassaƙa shi daga jan dutse. Daga wajen 1830, masassaƙan garin Idar-Oberstein na Jamus suka fara samun dutse mai araha daga Barazil, suna rina shi ja ko kore, suka ƙwace kasuwar. Sai masu gilashin Jablonec, a ƙasar Cek ta yanzu, suka riƙa zuba narkakken gilashi a mazubi suna fitar da irinsa dubbai. A ƙarshe roba ta zo ta gaje su duka. Siffar ba ta canja ba, abin da aka yi ta da shi ne ya canja sau uku, kuma kowane karo farashi faɗuwa yake yi.

Kwaikwayon tangaran ma ba yau aka fara ba. A 1840 wani Bature mai suna Richard Prosser ya ƙirƙiro hanyar matse garin ma'adinai a mazubi a ƙona, domin yin maɓallin riga mai kama da tangaran. A shekarun 1860 masana'antar Bapterosses da ke Briare a Faransa ta ɗauki dabarar ta koma yin duwatsun ado da ita, masu santsi da launi iri ɗaya, aka cika kasuwannin Afirka ta Yamma da su. Bayan Leo Baekeland ya samar da robarsa a 1907, sai ga manyan ƙwayoyi ruwan zuma da ake sayarwa a madadin kahraman, har a carbi. Jigida, wadda ake yankawa daga ɓawon ƙwallon kwakwa, ita ma ta koma ta roba.

Waɗanda guguwar ta ci da waɗanda suka tsira

A Ilori akwai masu yin duwatsun lantana. Fataken Hausawa ne ke kawo musu jan dutsen daga yankin Kogin Kwara na sama, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, su kuma su huda shi da hannu, su goge, aikin da ke cin kwanaki. Da kwaikwayon Turai ya yawaita a farkon ƙarni na 20, sana'ar ta durƙushe a cikin 'yan shekaru. Abin da suke sayarwa shi ne wahalar dutse, injin kuwa ya nuna cewa ana iya samun jan launi ba tare da wannan wahala ba.

Masagan Bida sun bi wata hanya. Da suna haɗa gilashinsu da kansu daga yashi da kanwa. Da kwalaben Turai suka samu, sai suka koma narka su suna yin ƙarau da duwatsu, suka riƙe hannunsu da zanensu, suka canja kayan aiki kawai. Har yau ana wannan sana'a a unguwar Masaga. Mutanen Krobo na Gana ma haka suka yi, suna daka kwalba su zuba garin a mazubin yumɓu su ƙona. Bambancin Ilori da Bida shi ne, ɗaya ta jingina darajarta da abin da aka yi kayan da shi, ɗaya kuma da gwanintar mai yi.

Yumɓun da babu ƙasa a cikinsa

Yumɓun roba ba yumɓu ba ne. Garin PVC ne, irin robar da ake yin bututun da manoman rani ke jan ruwa da shi, a cuɗa da wani mai da ke sa shi laushi, a zuba launi. Tarihinsa ya faro a Jamus a 1939, lokacin da Käthe Kruse, shahararriyar mai yin 'yar tsana, ta gwada shi don ƙera kawunan 'yan tsanarta, bai yi mata ba. 'Yarta, wadda ake kira Fifi, ta ci gaba da sarrafa shi, ta sayar da haɗin ga kamfanin Eberhard Faber a 1964, aka fitar da shi kasuwa da sunan Fimo a 1966. A ƙarshen shekarun 1960 makamancinsa, Sculpey, ya fito a Amurka. Masu ado sun rungume shi sosai daga shekarun 1980, kuma dabarar da suka fara yin suna da ita ta haɗa sandunan launi a yanka su fito da fure, daga masu gilashin Benis suka aro ta.

Abin da ya sa yake da farin jini batun wuta ne. Maginan tukwanenmu suna ƙona tulu da randa a fili, da itace da ciyawa, ba sa yi musu shafen gilashi. Shafen da ke sa tangaran ƙyalli yana buƙatar rufaffen tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1000. Wannan shi ne abin da Michael Cardew ya kawo cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ta shiga a 1954. Aikin ya yi suna a duniya, amma bai bazu cikin ƙauyuka ba, saboda tsadar tanderu da makamashi. Yumɓun roba kuwa yana nuna a tsakanin digiri 110 da 135, zafin da bai kai na gasa biredi ba.

Yadda ake ba shi kamannin tangaran ba shi da wuyar fahimta. Ana mulmula farin yumɓun, a danna masa zane da hatimi ko leshi ko ganye, a huda da allura, a gasa. Sai a ɗauko nau'insa na ruwa, wanda ke zama garai-garai bayan gashi, a ɗiga masa tawada ko garin alli mai launi, a shafa. Ruwan yana taruwa a ramukan zanen ya yi duhu, ya yi sirara a kan tudu ya yi haske, kuma wannan bambancin shi ne ido ke ɗauka a matsayin shafen tangaran. A sake gasawa, a goge. Daga nesa ba a rarrabewa. A hannu kuwa tangaran yana da nauyi da sanyi, yana ƙara idan aka ƙwanƙwasa shi a haƙori, shi kuma wannan shafal yake, ba ya ƙara.

Abin da Kura ta riga ta sani

Yau an san Kura da shinkafa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ce ta tura ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ta mayar da yankin ƙasar noman rani, da tumatir da alkama da injinan casa. Amma kafin ruwan Tiga, da rini aka san garin. Rawanin da ake kira ɗan Kura da zanen turkuɗi ana tsoma su a marina sau da yawa har su yi baƙi, sannan a kai mabuga a buge su da garin shuni har su yi ƙyalli kamar ƙarfe. Buzayen Agadas da Azbin suna biyan kuɗi mai yawa a kansu, ko da yake shunin yana rina musu fata.

Audugar da ke cikin ɗan Kura ba ta fi ta sauran garuruwa ba. Gamawar ake saye, wato ƙyallin da ke fitowa daga hannun marini da mabugi. Shi ya sa, bayan kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban masana'anta a 1897, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911 da yadin Ingila mai araha, marina da yawa suka mutu, amma kayan Kura suka daɗe suna jurewa, domin masu sayensu sun san abin da suke nema kuma injin bai iya ba su shi ba.

Akwai kuma tsarin amana da ya riƙe wannan ciniki. Hugh Clapperton, wanda ya ziyarci Kano a 1824, ya ba da labarin cewa ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, idan aka kai shi Barno aka kwance aka tarar bai kai yadda aka faɗa ba, sai a maido shi, dillalin ya nemo wanda ya sayar, shi kuma ya mayar da kuɗin. Kasuwar Kurmi ba ta hana sayar da abu mai araha ba. Abin da ta hana shi ne a kira shi da sunan da ba nasa ba.

Lissafin mai son shiga

Yumɓun roba yana da wani abu da gilashin Jablonec da duwatsun Briare ba su da shi. Waɗancan sai a masana'anta ake yin su, namu saye ne kawai. Wannan kuwa matar da ke cikin gida tana iya yinsa a kan faranti, ta zaɓi launin da zai dace da atamfar anko, ta danna masa dagi ko zanen ƙwarya ko na lalle, abin da kwantenar Sin ba za ta kawo a kan lokacin biki ba.

Sai dai kayan aikin daga waje yake zuwa, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake saye da dala ya yi tsalle. Zafin bazara, wanda ke wuce digiri 40 a Kano, yana iya sandarar da ɗanyen yumɓun a ajiye. Gashi yana son zafi tsayayye da ma'auni, a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Idan bai nuna ba zai karye a wuyan mai saye, idan ya ƙone kuma hayaƙinsa yana cutar da ido da ƙirji, saboda haka kurfoti da gawayi ba su dace da shi ba. Wadda ta ce za ta yi gogayya da duwatsun roba na Kurmi a farashi, hanyar Ilori ta ɗauka, domin injin ya fi ta araha kullum. Mafita tana ga zane da gamawa, kamar yadda Bida da Kura suka nuna.

Batun suna shi ne na ƙarshe. Matan Hausawa sun san tangaran ciki da bai, da shi ake jeren ɗakin amarya, kuma dillaliyar da ta sayar da roba da sunansa sau ɗaya za ta yi. Shari'ar Musulunci ta haramta algus a ciniki, kasuwa ma tana da nata hukuncin. Wadda ta ce wa mai saye wannan yumɓun roba ne, da hannu na yi shi, ba ya fashewa idan ya faɗi, ba ya jan kunne don nauyi, ta faɗi gaskiya kuma ta faɗi abin da ya fi tangaran da shi. Idan kuma wata rana aka samu masu gina ƙaramin tanderu mai zafi a yankin, yumɓu na gaske yana nan a fadamun Kogin Kano, hannun da ya saba da mulmula da huda da shafe ba zai fara daga farko ba.