Hawan tsaunukan Fazzan: daga Dutsen Aljanu zuwa Bikku Bitti

Wanda ya tashi daga Sabha, a kudancin Libiya, ya nufi yamma, ya wuce Ubari da Awainat, bayan tafiyar kilomita ɗari biyar da wani abu zai hango wani dutse ya tsaya shi kaɗai a gefen hanyar Gat. Ƙololuwarsa a tsattsage take, daga nesa sai ka rantse ganuwar wani tsohon birni ce da ta zube. Buzaye suna kiransa Idinen, Larabawa kuma Kaf al-Junun ko Kasar al-Junun, wato fadar aljanu. Tsayinsa bai kai mita 1,300 ba, ba wani abin a zo a gani ba ne idan aka gwada shi da Kilimanjaro. Amma a jikinsa ne rubutaccen tarihin hawan dutse a wannan yanki ya fara, kuma da ƙishirwa ya fara.

Mutanen ƙasar sun daɗe suna hawa duwatsu: makiyayi yana neman akuyarsa, maharbi yana bin ragon dutse, mai gadi yana hangen ƙurar mahara. Abin da ba su sani ba shi ne mutum ya hau dutse don kawai ya ce ya hau. Wannan ɗabi'a da Turawa ta zo, a ƙarni na 19, lokacin da Murzuk ce fadar Fazzan, Sabha kuwa ƙaramin zango ce a kan hanya.

A watan Maris na 1850 wasu Turawa uku suka bar Tarabulus da kuɗin gwamnatin Ingila: James Richardson, da Jamusawa biyu, Adolf Overweg da Heinrich Barth. Shi Barth ɗin ne aka sani a ƙasar Hausa da Borno da sunan Abdulkarim. Sun isa Murzuk a watan Mayu, suka yi makonni suna jiran 'yan rakiya, har sai da bazara ta kankama kafin su kama hanyar Gat tare da Buzayen da wani mai suna Hatita yake shugabanta. Da suka zo gindin Idinen, Barth ya ƙudurta a ransa cewa wurin da ake tsoro haka ba zai rasa tsofaffin zane-zane ko rubutu ba. Ya nemi ɗan jagora, Buzaye suka ce ko da kuɗi ba mai raka shi gidan aljanu. Richardson ma yana da dalilin yin shiru, domin shi kansa ya taɓa ɓata a wannan wuri a tafiyarsa ta farko.

Ranar 15 ga Yuli, 1850, da sassafe, Barth ya tafi shi kaɗai. Guzurinsa 'yar ƙaramar salka ce da busasshen biskit da dabino, abincin da ke ƙara wa mai ƙishi ƙishi. A hamada ido yana yaudarar ƙafa: dutsen da ya ga kamar ga shi nan ashe da nisa, kuma tsakaninsa da shi akwai wani kwazazzabo mai zurfi da sai ya gangara sannan ya sake hawa. Ya kai saman a gajiye liƙis, bai tarar da zane ko rubutu ba sai tsakuwa da rana. A wajen saukowa ya bi wani kwari daban, ruwansa ya ƙare, ayari kuma ya riga ya yi gaba. Ya harba bindigarsa ba wanda ya amsa. Ya kwana a ƙarƙashin wata bishiya, yana hango wutar da abokansa suka hura daga nesa amma ba shi da ƙarfin tashi. Washegari da rana ta take, ya tsotsi jinin jikinsa don ya jiƙa maƙogwaro, sannan ya suma. Wajen la'asar wani Buzu da ya bi sawunsa a kan raƙumi ya iske shi, abin da kawai Barth ya iya furtawa shi ne "aman", ruwa da harshensu. Mutumin bai ba shi ya sha nan take ba, sai da ya fara yayyafa masa a ka.

Da Buzun nan ya makara da 'yan sa'o'i, da babu labarin Kano da Barth ya rubuta bayan ya shiga birnin a watan Fabrairun 1851, labarin da har yau masana tarihin kasuwar Kurmi da rini da saƙa suke komawa gare shi. Ko mutum ya yarda da aljanun Idinen ko bai yarda ba, ƙin da Buzaye suka yi ya fi dabarar Barth daidai: ba a barin ayari a watan Yuli a tafi hawan dutse da salka guda.

Shekara goma sha tara bayan haka wani likita Bajamushe, Gustav Nachtigal, ya maimaita kuskuren a babban mataki. Yana ɗauke ne da kyaututtukan sarkin Purusiya zuwa ga Shehu Umar na Borno, ya maƙale a Murzuk don babu ayarin Kukawa. Zaman jira ya ishe shi, sai a watan Yunin 1869 ya nufi tsaunukan Tibesti, ƙasar Tubawa, inda babu Baturen da ya taɓa shiga ya fito. Cikin masu rakiyarsa akwai Muhammadu al-Gatruni, mutumin Fazzan da ya yi wa Barth hidima shekaru da dama. Tun kafin su isa suka kusa mutuwa da ƙishi. Sun haye tsaunin ta kusa da dutsen Tuside suka gangara garin Bardai, inda aka tsare Nachtigal kusan wata guda, yara suna jifansa da duwatsu in ya leƙo. Da dare suka gudu, suka dawo Murzuk a watan Oktoba cikin tsumma, a ƙafa.

Daga nan sai aka daɗe ba a ji ɗuriyar masu hawa don nishaɗi ba. Turkawa suka fita, Italiya ta shigo, Faransa ta riƙe Fazzan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mulki ya koma Sabha.

Abin da ya sake jawo baƙi ba ƙololuwa ba ce, zane ne, irin wanda Barth ya nema a Idinen ya rasa alhali yana nan birjik a tsaunin da ke maƙwabtaka. Daga 1955 Fabrizio Mori na ƙasar Italiya ya shiga kogunan Tadrart Akakus tare da jagororinsa Buzaye, ya tattara hotunan raƙuman dawa da giwaye da garken shanu da mata masu kitso da aka zana tun Sahara tana da ciyawa da tafkuna. A kogon Wan Muhujjaj ya tono gawar wani yaro da aka adana sama da shekara 5,000. UNESCO ta sa Akakus cikin kayan tarihin duniya a 1985. Bayan an dakatar da takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya a kan Libiya a 1999, Sabha ta zama ƙofar shiga: a sauka a filin jirginta, a hau Toyota zuwa tafkunan Ubari da kangon Jarma, sannan a yi kwanaki ana tafiya a ƙafa cikin Akakus, raƙuma na ɗauke da ruwa da barguna, da daddare a gasa gurasar tagella cikin toka da rairayi. Kakar wannan sana'a daga Oktoba take zuwa wajen Afrilu. A tsaunukan Turai watan Yuni ne ake buɗe hanya in dusar ƙanƙara ta narke, a Fazzan kuwa lokacin ne ake ɗaure kaya, don zafi yana haura digiri 40. Ruwan sama ma in ya ga dama a lokacin yake ɓarna, kamar ambaliyar da ta shiga Gat a farkon Yunin 2019. Yaƙin 2011 da rikicin Ubari na 2014 zuwa 2016 sun durƙusar da harkar, a 2016 kuma UNESCO ta mai da Akakus jerin wuraren da ke cikin haɗari.

Dutse mafi tsawo a Libiya, Bikku Bitti, mai kimanin mita 2,267, yana can kudu a bakin iyakar Cadi, a reshen Tibesti. Nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙin Auzu tsakanin Libiya da Cadi sun sa kusantarsa kasada ce. Sai a watan Disambar 2005 aka samu hawan farko da aka rubuta, na wani tsohon sojan ruwan Ingila, Ginge Fullen, wanda ya sa kansa hawa dutse mafi tsawo a kowace ƙasar Afirka, wannan ne kuma ya rage masa. Sau biyu ya gwada ya koma, a karo na uku ya biyo ta ɓangaren Cadi da jagorori 'yan ƙasar, cikin hunturu. A saman ya tarar da duwatsun da hannun mutum ya jera, alamar an riga shi zuwa.

Ƙanƙara irin ta tsaunukan Turai fa? Babu ko ɗaya a kan waɗannan tsaunuka yau, amma ta taɓa rufe wannan yanki. Kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, wannan yanki na Afirka yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, kuma wani makeken bargon ƙanƙara ya danne shi. Yayin da yake ja a hankali ya kankare duwatsu ya bar musu zane-zane dogaye a jere, waɗanda masana ƙasa suke aunawa a kewayen Gat da Tasili har zuwa tudun Jado a arewacin Nijar. Yashin da ruwan narkewarta ya zubar ya daskare ya zama dutsen da ake kira Mamuniyat. A cikin ƙofofin wannan dutse ne man fetur ɗin rijiyoyin Sharara yake kwance, yamma da Ubari, filin da kan ba da ganga wajen 300,000 a rana idan ba a rufe bututu ba.