Murmurewa Daga Tangarɗun Aikin Sauya Kwatangwalo: Nazari a Kan Jinya a Gidajen Jimeta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tangarɗun da kan biyo bayan aikin sauya kwatangwalo, da yadda majinyacin da ke zaune a Jimeta zai murmure daga gare su. Hanyar da aka bi ita ce bitar abin da likitocin ƙashi suka tabbatar, sannan aka auna shi da tsarin zaman gidajen garin. Matsayar maƙalar ita ce, ƙa'idojin jinyar an tsara su ne don mutumin da ke rayuwa a kan kujera, alhali yawancin rayuwarmu a ƙasa take gudana.

Gabatarwa

Aikin sauya kwatangwalo shi ne a yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, a maye gurbinsa da ƙwallon ƙarfe ko na tangaran, a kuma dasa ƙoƙo a ramin ƙashin ƙugu inda ƙwallon zai riƙa juyawa. John Charnley ne ya daidaita salon da ake bi yau, a asibitin Wrightington da ke Ingila, a shekarar 1962. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 58 cikin ɗari na irin wannan dashe kan kai shekara 25 yana aiki.

Alƙaluman nan daga ƙasashen da galibin masu yin aikin tsofaffi ne suka fito. A wajenmu lamarin ya sha bamban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu amosanin jini a Nijeriya duk shekara, kuma ɗaya daga cikin illolin cutar shi ne toshewar jijiyoyin da ke kai jini kan ƙashin cinya, har ƙashin ya mutu ya lotse. Saboda haka wanda ke jiran aikin a nan sau da yawa saurayi ne ko matar da ba ta wuce shekarun haihuwa ba. Ga kuma masu tsohuwar karaya da suka daɗe a hannun mai ɗori kafin su zo asibiti.

A Yola akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, a Jimeta kuma akwai Asibitin Ƙwararru na jiha. Duk da haka akwai masu zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959, ko Abuja, ko Indiya da Masar. Wanda aka yi wa aiki a Kano ya dawo unguwar Jambutu ko Doubeli a Jimeta, tsakaninsa da likitan da ya san abin da ke cikin jikinsa akwai tafiyar yini guda ta Numan da Gombe. Da yawa daga cikin abin da za a tattauna a ƙasa, wannan tazara ce ke ƙara masa tsanani.

Gocewar dashe da rayuwar tabarma

A manyan nazarce-nazarce, gocewar ƙwallo daga ƙoƙonsa kan sami kimanin mutum 2 cikin ɗari bayan aikin farko, kuma ya fi aukuwa a watanni ukun farko, kafin naman da aka yanka ya kama. Idan ta bayan kwatangwalo likita ya shiga lokacin tiyata, gargaɗin da ake yi sananne ne: kada gwiwa ta ɗaga ta fi ƙugu, kada a harɗe ƙafafu, kada a murɗa ƙafar ciki, na tsawon mako 6 zuwa 12.

A kawo wannan gargaɗi cikin wani gida a unguwar Luggere. Majinyaciya ta farka da asuba a kan katifar da ke shimfiɗe a ƙasa. Kafin ta miƙe sai ta naɗe gwiwa har ƙirji. Ta nufi bayan gida, inda masai na tsuguno ne. Ta dawo ta zauna a kan 'yar kujerar tsakar gida don alwala, ta sunkuya ta wanke ƙafa. Sai salla: ruku'u, sujada, zaman tahiya. Kafin rana ta fito ta karya ƙa'idar sau huɗu ko biyar, ba don taurin kai ba, don gidan bai ba ta wata hanya ba. Da hantsi 'yan dubiya za su cika ɗaki, kuma kunya ba za ta bar ta ta zauna a sama surukarta na tabarma ba, sai in surukar ce da kanta ta ce, "Yi zamanki a kujera, 'yar nan, lalura ce."

Maganin akasarin wannan ba shi da tsada. Kafinta zai iya ɗaga ƙafafun gado har bakinsa ya wuce tsayin gwiwa. Kujerar roba mai hannu, a huda tsakiyarta a ɗora a kan masai, ta wadatar. Batun salla kuwa, malamai sun yi ittifaƙi cewa wanda ya kasa tsayuwa ko sujada yana da rangwamen yin ta a zaune da nuni. Sai dai majinyata da yawa ba sa sakin jiki da wannan rangwame in daga bakin likita kaɗai ya fito, don haka yana da kyau liman ko malamin gida ya faɗa musu tun kafin a shiga tiyata.

Wasu bincike na baya-bayan nan a Turai da Amurka sun nuna cewa sassauta waɗannan ƙa'idoji bai ƙara yawan gocewa ba. A ganina kuskure ne a kwaso wannan sakamako a ɗora wa majinyatanmu, domin mutanen da aka yi binciken a kansu ba masu tsuguno ba ne tun asali. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne ƙoƙo mai juyi biyu da Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1970, wanda aka tabbatar yana rage gocewa.

Idan gocewar ta auku, ƙafar kan gajarce ta karkace, ciwo ya hana takawa. Wurin zuwa asibiti ne, a ɗauki hoto, a mayar da ita bayan an ba da maganin barci. Jan da mai ɗori zai yi na iya fasa ƙashin da ke riƙe da ƙarfen.

Shigar ƙwayoyin cuta

Wannan ita ce tangarɗar da ta fi cin rai da dukiya, ko da yake ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a aikin farko ba. Ƙwayoyin cuta, musamman Staphylococcus aureus, kan manne a jikin ƙarfe su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa. Kafin yauƙin ya nuna, wato cikin kimanin mako huɗu da yin aiki, ana iya sake buɗe wurin a wanke, a canza sassan da ke cirewa, a bar dashen. In aka wuce wannan lokaci, galibi sai an cire komai, a sa siminti mai magani a gurbin, majinyaci ya yi kusan mako shida yana karɓar magani, sannan a sake dasa sabo. Aiki biyu ke nan a kan na farko, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fita.

Abin da ke cinye makonni huɗun nan mun san shi. Miki ya fara tsatsar ruwa, jiki ya yi zafi, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aika yaro kemis. Kafso ɗin da aka sha zai kwantar da alamun na ɗan lokaci, ya kuma ɓata gwajin da za a yi don gano ƙwayar cutar. Ƙa'idar da ya kamata mai jinya ya haddace gajeriya ce: mikin da ke zubar ruwa bayan mako guda, ko ja da kumburi, ko ciwon da ya lafa ya dawo, a kira likita ranar, kuma kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi ruwan gaɓar.

Daskarewar jini, zafi da amosanin jini

Gudan jini kan taru a jijiyar ƙafa, wani lokaci ya ɓalle ya toshe huhu. Shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini har zuwa kwana 35, ake kuma tayar da majinyaci ya taka tun ranar aiki ko washegari. Kumburin sha-raɓa ko sarƙewar numfashi farat ɗaya lamari ne na gaggawa. A Jimeta zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kuma ƙarancin ruwa a jiki na tayar da ciwon mai amosanin jini. Shi wannan majinyaci haɗarinsa ninki ne: ƙashinsa ya yi tauri ramin ɓargo ya tsuke, garkuwarsa da rauni, ga barazanar ciwon ƙirji bayan tiyata. Gwajin da Lancet ta buga a 2013 ya nuna ƙarin jini kafin aiki na rage tangarɗa ga masu cutar. Doguwar tafiyar dawowa gida a mota ita ma abin lissafi ce. A riƙa tsayawa yana saukowa ya taka.

Gashi da ɗingishi

Wanda ya shekara biyar yana ɗingishi kafin aiki, naman ɗuwawunsa ya riga ya saki, kuma sabon ƙarfe ba ya dawo da shi. Atisayen da likitan gashin ƙashi ke koyarwa ne ke yin wannan, cikin watanni. Zuwa asibiti sau biyu a mako a Keke Napep, mai ƙaramin mazauni da girgiza, shi kansa haɗari ne a makonnin farko, don haka ya fi a koya wa ɗaya daga cikin 'yan gida atisayen kafin sallama. In ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, mai gyaran takalmi a Kasuwar Jimeta zai ƙara dunduniya daidai da awon da likita ya rubuta.

Abin da bincike na gaba zai auna

Ana buƙatar rajista guda a Adamawa da za ta ƙunshi duk wanda ke ɗauke da dashen kwatangwalo, ko a ina aka yi masa: irin dashen, ta inda likita ya shiga, rukunin jininsa, da ranar da alamar tangarɗa ta fara da ranar da ya isa asibiti. A cikin takardar a sa tambayoyi uku da ba a saba sawa ba: a kan me yake kwana, wane irin masai ne a gidansu, kuma a mako na nawa ya koma yin sujada a ƙasa.