Stolpersteine: Duwatsun Tuna Yahudawan da 'Yan Nazi Suka Halaka

Stolpersteine, wato "duwatsun tuntuɓe" a harshen Jamusanci, ƙananan alamomin tunawa ne da ake kafawa a daɓen gefen titi, daidai ƙofar gidan da mutum ya zauna na ƙarshe bisa zaɓin kansa kafin gwamnatin Nazi ta kore shi ko ta kama shi. Akasarinsu na tuna Yahudawa ne, waɗanda aka halaka musu kimanin mutum miliyan shida a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai kuma na 'yan ƙabilar Roma da naƙasassu da 'yan adawar siyasa.

Wani mai fasaha Bajamushe, Gunter Demnig, shi ya faro aikin a birnin Kolon a 1992. Kowane dutse dunƙulen siminti ne mai faɗin kusan santimita 10, an rufe samansa da tagulla. A kai ake zana sunan mutum ɗaya, shekarar haihuwarsa, lokacin da aka tafi da shi da kuma makomarsa. Manufar ita ce a mayar wa kowa sunansa a unguwar da aka raba shi da ita. A 2023 aka kafa dutse na 100,000 a Nuremberg, kuma aikin ya yaɗu zuwa ƙasashen Turai da dama.

Sai dai ba kowa ya yi na'am ba. A 2004 majalisar birnin Munich ta hana kafa su a titunanta, bayan shugabar al'ummar Yahudawan birnin, Charlotte Knobloch, ta nuna cewa taka sunayen mamata wulaƙanci ne. A wasu biranen kuwa, mazauna unguwa kan fito su goge duwatsun kowace ranar 9 ga Nuwamba, domin tuna farmakin da aka kai wa Yahudawa a 1938.