Tashe: Tarihin Wasan Sauya Kama a Ƙasar Hausa

Tashe wasa ne na barkwanci da sauya kama da yara da matasa ke yi a watan Ramadan. Ana fara shi idan azumi ya kai goma, a yi ta yi bayan shan ruwa har wajen ashirin ga wata. Ana yin sa a Kano da Katsina da Zariya, haka nan a masarautar Kazaure da garuruwanta irin su Roni da Gwiwa, da kuma Babura ta kusa da iyakar Nijar. Duk yankin Kazaure da Babura yana cikin Jihar Kano ne kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, don haka wasanninsa sun yi kama da na Kanawa.

Masana adabin Hausa na danganta asalinsa da tashin mutane sahur. Gwauro ba shi da matar da za ta dafa masa, sai ya kwana yana yawo da kiɗa yana tayar da masu barci, su kuma su ba shi abinci. Daga nan yara suka ɗauka suka mayar da shi wasa. A Kano har sarauta aka yi wa abin: Nalako ne sarkin gwagware, shi ke kama wanda ya rabu da matarsa bai sake aure ba, a ɗaura masa igiya a ƙugu a zaga gari da shi.

Armashin tashe yana cikin shiga. A wasan Tsoho da Gemu, yaro kan manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, ya dogara sanda yana tari. Mai wasan Jatau Mai Magani kan rataya layu da saiwoyi yana tallar maganin kowace cuta. 'Yan mata kuwa ƙwarya suke kifawa a ruwa suna kaɗawa, ɗaya ta sa riga da hular namiji a wasan Mairama da Daudu, a koya wa amarya zaman gidan miji. Dariya ake yi, amma rowa da ƙarya da lalaci ake yi wa shaguɓe. Masu gida kan ba da hatsi ko kuɗi.

Fatake Hausawa sun kai irin wannan wasa Wagadugu ta Burkina Faso tun ƙarni na 19, inda ake kiran sa Dodo.

A gabashin Turai ma akwai masu shigar dodanni suna bin gida-gida, sai dai su sanyin hunturu suke kora. Kukeri na Bulgeriya kan sa fatun awaki da manyan ƙararrawa, kuma tun 1966 ake yi musu biki a garin Pernik. A Rasha ana ƙona mutum-mutumin ciyawa a ƙarshen makon Maslenitsa. Tashe bai damu da yanayi ba, wata yake bi, ko azumi ya faɗo da bazara ko da damina.

Yau wasan ya ja baya. Talabijin da waya sun ɗauke hankalin yara, ɓata-gari kuma sun riƙa fakewa da shi suna ƙwacen wayoyi, har 'yan sandan Kano suka dakatar da shi a wasu shekaru, ciki har da 2024.