Keke a Turbobin Ƙasar Minna

Tun kafin hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda aka kammala a 1911, ta mai da Minna mahaɗar fatake da ma'aikata, Gwarawa sun riga sun fitar da turbobi a tsakanin duwatsun Paida da Bosso, har zuwa Paiko da Kuta, inda mata ke bi ɗauke da kaya a kafaɗa, bisa al'adar da suka gada. A kan waɗannan turbobi ne keke ya sami gindin zama, musamman Raleigh na Ingila, wanda mallakarsa a wancan zamani alama ce ta wadata, ta yadda malamin makaranta ba ya jin ya cika sai da shi.

Haƙiƙa hawan tudu akwai mashaƙƙa, sai mahayi ya sauka ya tura, doya ɗaure da roba a kariya, amma gangarar ni'ima ce. Da Minna ta zama hedkwatar Jihar Neja a 1976, sannu a hankali mota da babur suka rinjaya, alhali keke ya fi sauƙi ga talaka, shi ya sa har yau ake ganinsa a hanyar kasuwar Gwada.