Kwalba da cokali: yadda ruwan gishiri da sukari ya shigo unguwanninmu na kudu

Lokacin da kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, abin da aka sani a asibiti shi ne ƙarin ruwa. Dabarar tsohuwa ce, don tun 1832 wani likita a Sikotilan mai suna Thomas Latta ya fara ɗura wa masu amai da gudawa ruwan gishiri ta jijiya. Sai dai ƙarin ruwa yana bukatar gado da allura da hannun da ya iya laluben jijiyar yaron da ya bushe. Mutanenmu kuwa, da suka fara komawa Inugu da Anaca da Fatakwal bayan yaƙin basasa, a cunkushe suke zaune kusa da kasuwannin shanu da na gwari, kuma kafin a kai yaro asibiti sau da yawa maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma.

Mafita daga nesa ta zo. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa hanji yana shigar da sodiyam ne tare da gulukos, ɗaya na jan ɗaya, ruwa kuma ya biyo su. Kwalara ba ta toshe wannan hanya. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka gwada haɗin gishiri da gulukos a Dakka, aka ga yana aiki. A 1971 kayan ƙarin ruwa suka ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis a sansanin ’yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, sai ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su haɗin da baki. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Mu malaman lafiya na unguwa, abin ya iso hannunmu ne a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma’aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ma’aunin da aka koya mana shi ne shafaffen cokalin shayi ɗaya na gishiri, goma na sukari ko ƙwaya biyar, a cikin ruwa cikin kwalbar giya ɗaya. Wanda ya tsara wannan bai yi tunanin gidan Bahaushe a unguwar Gariki ba. Wace matar aure ce za ta aiki ɗanta ya samo mata kwalbar giya? Muka koma ga kwalbar lemo biyu, wadda ita ma tana cikin umarnin. Amma cokali ma ba ɗaya ba ne: na wani gida ƙarami, na wani kusan na cin shinkafa. Da yatsa nake shafe kan cokalin a gaban uwa, in zubar da tozon, in miƙa mata ta yi da kanta har sai na gamsu.

Nan ne duk ilimin yake. Sodiyam a jinin mai lafiya tsakanin 135 ne da 145 a ma’aunin milimol cikin lita. Idan uwa ta cika cokali da tozo, ko ta rage ruwa don yaro ya shanye da wuri, haɗin ya fi jini kauri, sai ya riƙa janyo ruwa daga jiki zuwa hanji. Zawo ya ƙaru, gishiri ya hau a jini, yaro ya fara taune-taune. Wata tsohuwa a Diobu ta Fatakwal ta taɓa ce mini, “Malam, ai na ƙara masa gishiri ne don maganin ya yi ƙarfi.” Na ce, “Iya, wannan maganin ƙarfinsa a daidaito yake.” Ƙauna ce ta sa ta, kuma har yau ban iya jin haushin irin waɗannan iyaye ba. Laifin namu ne idan muka ba da ma’auni ba mu faɗi dalilinsa ba.

Akwai abin da haɗin gida bai iya ba. Gudawa ba gishiri kaɗai take kwashewa ba, tana tafiya da fotasiyam da kuma bayikabonet, sinadarin da ke hana jini yin tsami. Ma’aunin tsamin jini ɗan siriri ne, 7.35 zuwa 7.45. Da ya sauka sai ka ga yaro yana jan numfashi mai zurfi da sauri, jiki na ƙoƙarin fitar da tsamin ta huhu, iyaye kuwa su ce sanyi ne ya kama ƙirji. Wasu kan jiƙa kanwa su ba shi. Gaskiya kanwa tana kashe tsami, amma cike take da sodiyam da ba wanda ya auna. A kudu mun yi sa’ar ayaba da ruwan kwakwa, masu fotasiyam, sai muka riƙa haɗa wa iyaye da su.

Haɗin da ke zuwa a shirye cikin leda shi ya cike wannan giɓi, kuma shi ma an yi ta gyara shi. Na farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi yana da sodiyam 90. A 1984 aka sa sitiret a madadin bayikabonet don ya fi jure ajiya, abin da duk mai kemis a damunar Fatakwal zai yaba. A 2002 aka sassauta shi, sodiyam ya koma 75: gishiri giram 2.6, gulukos 13.5, fotasiyam kulorayid 1.5, sitiret 2.9, a lita guda. A 2004 aka ƙara ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14.

Matsalar kwalba kuwa, fiya wata ce ta warware mana ita ba da niyya ba. Leda biyu masu rabin lita sun ba da lita guda, kuma babu lungun da babu ita daga Gadar Anaca har Gariki. Abin da ya rage mana yanzu shi ne lemon kwalba, wanda sukarinsa ya ninka na haɗin leda kusan sau takwas, ga tsami, amma ana ɗura wa yaro da sunan ƙarin ƙarfi. Sai kuma uban da zai shigo kemis ya ce Flagyl yake so, ba “ruwan gishiri” ba. Irinsa nakan zaunar da shi a benci, in haɗa a gabansa, in sa ya fara ba yaron cokali-cokali kafin mu yi maganar wata ƙwaya.