Haƙoran Ƙarfe a Yashin Chadi

Mu da muka tsufa a sayar da kayan babur a N'Djamena, zamani uku muka gani, kuma farantin sarƙa kaɗai ya isa ya ba da labarinsu.

Zamanin farko na Mobylette ne da Peugeot, sai Yamaha da Honda na masu hali. Babur a lokacin kadara ce, kayansa kuma tsada gare su. Yawancin abin da muke sayarwa daga Kano da Maiduguri yake zuwa, ya bi ta Gamborun Ngala da Fotokol zuwa Kuseri, a tsallako kogi da shi. Gadar Ngueli da aka buɗe a 1985 ta sauƙaƙa wannan tsallakowa ƙwarai. Farantin Japan na wancan lokaci ƙarfe ne na gaske. In haƙoransa sun kwanta gefe guda, makanike ya kwance shi ya juya ɗaya fuskar, a ci gaba da tafiya. In sarƙa ta saki, a cire mata gaɓa. Ba a san zubarwa ba.

Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya girgiza mu. Kayan waje suka ninka kuɗi dare ɗaya, mai babur ya fara tambayar wanda ya fi araha kafin ya tambayi wanda ya fi ƙarko. 'Yan kasuwar Nnewi sun riga mu gane haka: suka koma Taiwan, daga baya Sin, suna sa a ƙera musu kaya daidai aljihun talaka. Da aka shiga shekarun 2000, ga kuɗin man Doba da ya fara fita a 2003, sai Jincheng da Haojue da Boxer ta Indiya suka cika gari, 'yan kilando, wato masu haya da babur, suka mamaye kowane shatale-tale. Mu a kasuwar Dembe muka tashi daga sayar da faranti ɗai-ɗai muka koma saro kwali-kwali.

A nan ne aikin ya rikice. Masana'anta ɗaya tana iya buga faranti mataki uku, duk a leda iri guda, da suna iri guda. Na ƙasa ƙarfe ne mai laushi da aka yanka aka fesa wa fenti. Na kirki an ƙona haƙoransa an tsoma don su yi tauri, shi ya sa sau da yawa za ka ga bakinsu ya ɗan yi duhu. Ni dai magagari nake ajewa a kan kanta. A goga a haƙori: in ya ci ƙarfen cikin sauƙi, na 'yan watanni ne, in ya zame, a biya kuɗin. Sunan da ke jikin leda kuwa, ko DID aka rubuta, ba ya zama shaida.

Sai ƙidayar haƙora, wadda masu saye ke yawan rainawa. Baburan 125 galibi sarƙa mai lamba 428 suke ɗauka, ƙaramin farantin gaba haƙora 14 ko 15. Mai kai-komo a kwaltar cikin gari ya bar shi yadda kamfani ya sa. Amma wanda zai wuce Massakory ya nufi Bol ko Mao da buhu biyu a baya, ko ya shiga taɓon damina a bakin Logone, ƙarfin ja yake buƙata, ba gudu ba. Wannan sai a ƙara masa haƙora uku ko huɗu a baya, ko a rage ɗaya a gaba, kusan lissafin ɗaya ne. Na fi son ƙarin baya, don ƙaramin faranti yana lanƙwasa sarƙa da yawa, ta yi saurin ci. Zai ɗan ƙara shan mai, gara haka da ƙona kuloci a tudun yashi.

Rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Gamboru a 2014. Kaya suka koma zagaye, wasu ta Garoua da Maroua, wasu daga Douala kai tsaye, kuɗin mota ya hau kan kowane faranti. A shekarun nan ne muka ga an dawo da tsohuwar dabarar juya faranti, sai dai na yanzu ba ya jure juyi.

Har yau gardamarmu da masu saye ɗaya ce. Mutum ya zo da faranti haƙoransa sun zama kamar ƙugiya, ya ce, "Alhaji, na bayan kawai za ka ba ni." Ai tsohuwar sarƙa ta riga ta miƙe, tazarar gaɓoɓinta ta wuce ta sabbin haƙora, cikin makonni za ta cinye su. Sarƙa da farantin gaba da na baya, ukun nan tare suke tsufa, tare ake canza su. Cikakken saiti mai matsakaicin kuɗi ya fi mai tsada guda ɗaya. Kuma a daina laɓta wa sarƙa baƙin man inji har ya riƙa ɗiga: yashi ne ke manne masa ya niƙe ƙarfen. A wanke da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge saura, a bar mata sako-sako na kamar yatsa biyu.